Badaru Direba da Gawar Cikin Rumbu

Na fi shekara ashirin ina facin taya a bakin tashar da ake hawa motar Kongolam a Daura. Sunana Zailani. Direbobi da yawa sun wuce ta gabana, amma idan aka ce in ba da labarin guda ɗaya, na Badaru zan bayar.

Badaru ɗan cikin gari ne, ubansa baduku. Da ya gama firamare aka zaunar da shi a rumfa ya koyi ɗinkin fata, ya iya kuwa, sai dai warin jima yana sa shi atishawa tun safe har yamma. Da uban ya gaji da cewa "yarhamukallahu" sai ya miƙa shi ga wani kawunsa ya koyi mota. Gajere ne, mai tumbi, hularsa kullum a karkace. Tsohuwar fijo fara yake ja, mai layin kujeru uku, wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje.

A da Badaru mutumin kaset ne. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, shugabannin tasharmu suka ce a rage sa kiɗa a mota, mata kuma su riƙa zama a kujerar can baya. Badaru ya kwashe kasakasansa ya kai gida, motarsa ta yi tsit, shi ma ya yi tsit, har ya rame. Wata rana yana share mota sai ya tsinci wani littafi da fasinja ya manta a ƙarƙashin kujera, ba bango, shafukan farko sun yage. Ya zauna a kan bencina ya buɗe don ya rage lokaci kafin layinsa ya zo. Layinsa ya zo ya wuce. Motoci uku suka yi lodi a gabansa, ana ta kiransa, bai ɗaga kai ba. Sai bayan azahar ya rufe littafin ya dube ni, idanunsa jajir.

"Zailani," ya ce, "ashe haka ake ta kashe mutane a cikin takarda, mu muna nan ba mu da labari?"

Daga ranar ya zama ɗan gida a shagon Isyaku mai hayar littattafai da ke bayan kasuwa. Na soyayya ba sa gabansa. Shi dai a samu gawa, ko a fasa shago, ko wani ya ɓace, sannan a kawo mai bincike ya yi ta tambayoyi. Kuma Badaru ba ya iya karanta littafi ya yi shiru. Dole ya faɗi ra'ayinsa, dole kuma ka faɗi naka, ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

Fasinjoji su suka fi shan wannan. Daga Daura zuwa Kongolam ba wata tafiya ba ce, amma a motar Badaru babu wanda ya san tsawonta. Idan ya zo inda ake bin ɓarawo a guje, shi ma sai ya taka totur har kajin da ke cikin but su fara kuka. Idan kuwa ya zo bayanin dalilin da ya sa yake zargin wani, sai ya rage gudu har mai keke ya wuce mu yana ɗaga mana hannu. An taɓa yin wani dattijo da zai sauka a Mai'aduwa, Badaru ya wuce da shi har bakin iyaka don bai gama faɗin wanda yake zargi ba.

Ra'ayoyinsa kuma irin nasa ne. Abin da ya fi duba a littafi shi ne mota.

"Marubucin nan ko kura bai taɓa turawa ba," in ji shi. "Ɓarawo ya taso daga Kano ya tsallake iyaka, bai sha mai ba, taya ba ta yi faci ba, ba wanda ya tsayar da shi a hanya ya ce ina takardu. A wace ƙasa?"

Masu binciken ma ba su tsira ba. Ya ce ya ƙirga, wani sufeto ya yi shafi tamanin bai ci abinci ba, bai yi salla ba, bai gai da uwarsa ba. Kuma ya rasa dalilin da za a ɓata littafi guda ana neman mai laifi, alhali da an tara mutanen gidan an ce kowa ya yi alwala ya zo ya rantse, da tun shafi na goma an gama.

"To in an gama a shafi na goma, me za ka karanta?" na tambaye shi.

"Ai shi ya sa ban kai ƙara ba," in ji Badaru.

A gida ma da nasa rikicin. Matarsa Haulatu ta kamu da karatun, sai dai ita shafin ƙarshe take fara buɗewa, ta ga wanda ya yi kisan, sannan ta koma farko hankalinta kwance. Ranar da Badaru ya gano haka bai ci tuwo ba. Ya je rumfar ubansa ya ɗauko basilla da zaren ɗinkin fata, duk littafin da zai shiga gidansa sai ya ɗinke shafuka goma na ƙarshe tam. An yi wata biyu yana ganin ya yi maganinta. Sai wata rana ya lura ɗinkin da ke jikin littafin ya fi nasa kyau. Ashe farkewa take yi ta karanta, ta mayar ta ɗinke.

"Baban Saudatu," ta ce masa, "ni ba na iya barci da mai kisa a cikin ɗaki ban san ko wane ne ba."

Wadda ta zama babbar abokiyar gardamarsa ita ce Hajiya Zinariya, mai sayar da atamfa da turaren wuta, wadda ke zuwa kasuwar Mai'aduwa duk mako. Ta yi makarantar horon malamai kafin ta yi aure, tana karanta Hausa da Turanci, kuma ta girme shi da kusan shekara goma. Ranar da ta fara shiga motarsa yana cikin yabon wani littafi, sai aka ji murya daga kujerar can baya.

"Direba, wannan littafin shirme ne. Tun shafi na ashirin na gane mai gadi ne."

Badaru ya taka birki. Shi yana shafi na sittin, kuma limamin unguwa yake zargi.

"Hajiya, me na yi miki?"

"Gudu kake yi da mu. In gudunka ya ƙara wuce sittin, zan faɗa maka ƙarshen wanda ke kan dashbod ɗin nan ma, na karanta shi."

Tun daga nan duk ranar da Hajiya ke cikin mota, Badaru tafiyar amarya yake yi. Tsofaffi suka gane, suka riƙa tambaya a tasha ko Hajiya ta iso kafin su shiga.

Ita ce ta ce masa karatunsa bai cika ba sai ya san tsofaffin littattafai na gaske, irin waɗanda aka karanta musu a makaranta. Da yake Turancinsa bai wuce na alamun hanya ba, sai ta riƙa ba shi labarin wani ƙaton littafin Turawan da, babi-babi, tana ɗaga murya ta saman kawunan mazan da ke kujerar tsakiya. Mako bakwai ana yi. Da ta kai ƙarshe ta tambaye shi yadda ya gani.

"Hajiya, tsakani da Allah, shafi nawa ne?"

"Ya fi ɗari biyar."

"Shafi ɗari biyar ana shan shayi ana rubuta wasiƙa. Mutum ɗaya ya mutu, shi ma tari ne ya kashe shi. Ba wanda ya bincika tarin nan?"

"Ba littafin kisa ba ne, Badaru. Halin mutane ake nuna maka."

"Ni dai ƙanwar matar nan ban yarda da ita ba. Ita ke haɗa masa shayin."

Hajiya ta ce Allah ya shirye shi. Amma ta ba shi tsofaffin littattafan Hausa guda biyu na zamanin iyayenmu, waɗannan kam ya yaba, ya ce mutanen da sun iya magana, illa dai kowa a kan doki ko jaki yake tafiya, ba abin da mutum zai duba ya ce an yi kuskure.

Ana nan sai wani littafi ya shigo shagon Isyaku, sunansa Gawa a Rumbun Gero, na wani Malam Jafaru. An tsinci gawar wani attajiri, Alhaji Saminu, a cikin rumbunsa. Gawar sabuwa, amma bakin rumbun a liƙe yake da laka tun kaka, ba alamar an taɓa shi. Littafi na ɗaya ya fito, na biyu ya biyo baya, ya ƙare daidai inda mai bincike ya tara mutanen gidan ya miƙe tsaye ya nuna yatsa. A ƙasa aka rubuta a nemi na uku.

Aka nemi na uku. Shekara biyu ana nema.

Tasharmu ta rabu. Badaru ya kafe a kan wanzamin Alhaji ne, don a shafi na arba'in an ga yana wasa aska ranar da ba wanda zai yi wa aski. Hajiya Zinariya ta ce ƙanin Alhaji ne, ya cika kuka a wurin makoki. Haulatu, wadda a karon farko ta rasa shafin ƙarshen da za ta leƙa, ta ce ba wanda ya kashe shi, faɗawa ya yi. Ni ban karanta ba, amma Badaru ya ce ba a zama haka, don haka na zaɓi mai kawo wa gidan nono, aka yi mini dariya.

Wata Laraba Isyaku ya zo tasha da sauri ya ce ya gano marubucin. Ashe ba a Kano yake ba, ga shi nan kusa, malamin firamare ne a Sandamu. Washegari Badaru ya bar layinsa, ya sa ni da Isyaku a gaba, Hajiya da Haulatu a can baya, muka kama hanya. Ranar ko Hajiya ba ta ce a rage gudu ba.

Mun tarar da Malam Jafaru ya taso daga makaranta yana watsa wa zabinsa tsaba a ƙofar gida. Siriri ne, mai sanyin murya, da alli a gefen rigarsa. Da ya ga mota ta tsaya mutum biyar sun fito fuska ba walwala, sai ya ajiye kwanon ya ce, "Innalillahi. Wa ya rasu?"

"Alhaji Saminu," in ji Badaru.

Malam ya fara addu'a, ya kai tsakiya ya tsaya. "Wane Alhaji Saminu?"

"Naka. Na cikin rumbu. Malam, mun zo ne ka gaya mana wanda ya kashe shi."

Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, matan suka zauna daga bakin ƙofar ciki, uwargidansa ta aiko da fura. Malam ya daɗe yana juya ludayi, sannan ya ce, cikin jin kunya, "Wallahi ni ma ban sani ba."

Ya ajiye ludayin ya ci gaba.

"Na liƙe rumbun nan da kyau ne don kada mai karatu ya gane ta inda aka shiga. Da na zo rubuta na uku, sai na ga ni ma na rasa ta inda aka shiga. Na yi shekara biyu ina zagaya shi."

"To yatsan da mai bincike ya nuna fa?" in ji Hajiya. "Wa ya nuna?"

"Hajiya, na dai sa ya nuna ne. Na ce kafin a buga na uku Allah zai kawo wanda aka nuna."

Nan gardama ta ɓarke a zauren mutumin. Badaru ya kawo hujjar aska, Malam ya ce shi ya ma manta ya rubuta haka. Hajiya ta kawo kukan ƙanin, Malam ya ce shafi ne ya rage bai cika ba, shi ya sa ya ƙara kukan. Haulatu ta ce to a bar shi a kan faɗawa ya yi, kowa ya huta. Badaru ya ce bai baro layinsa don a ce masa faɗawa aka yi ba. Daga nan ya juya kan marubucin, ya shiga jero masa kurakurai: motar Alhaji ta yi wata uku a ajiye amma ta tashi da murɗa makulli ɗaya, an kuma ce an sa giya ta shida a motar da giyarta huɗu. Malam bai yi fushi ba. Ya ɗauko wani littafin rubutu na 'yan makaranta yana ta rubutawa, yana cewa, "Na'am, ci gaba."

Bayan mun yi la'asar Badaru ya hango rumbun Malam a bayan gida. Ya ce shi zai nuna yadda aka yi, ai ba ta baki ake shiga ba, ta sama ake ɗage jinka. Muka ce ya bari, ya ƙi. Ya jingina tsani, ya ture jinkar, ya zura kai da kafaɗu ta ƙofar sama, ya tura, ya tura, sai tumbi ya ce nan zan tsaya. Kai a ciki, ƙafafu a sama suna harbin iska.

"Kun gani ko?" muka ji muryarsa daga ciki kamar daga rijiya. "Siriri zai wuce! Wanzamin siriri ne!"

"Baban Saudatu, ka fito haka nan," in ji Haulatu.

"Ai fitowar nake yi tun ɗazu."

Ni da Isyaku muka hau, kowa ya kama ƙafa ɗaya. Bai motsa ba. Ƙaiƙayin gero ya shiga hancinsa, ya dinga atishawa, rumbun na amsawa. Sai da uwargidan Malam ta ba da man gyaɗa aka shafa a gefen ƙofar, maƙwabta biyu suka kama mana, sannan ya fito fit kamar an cire toshiyar kwalba, muka zube gaba ɗaya a kan karan dawa. Hularsa ta zauna a ciki. Duk wannan abin Malam Jafaru yana tsaye a gefe da littafinsa, bai taimaka da ko yatsa ba, rubutu kawai yake yi, fuskarsa sai haske take.

Bayan wata huɗu littafi na uku ya fito. Isyaku ya kawo kwafi ɗaya tasha da kansa, ya miƙa wa Badaru, ya koma nesa ya tsaya. Badaru ya zauna a bencina ya fara. Ina kallonsa yana murmushi, sai murmushin ya tsaya, sai ya matso da littafin kusa da ido.

Wanda ya kashe Alhaji Saminu wani direba ne da ba a taɓa ambata ba a na ɗaya da na biyu. Gajere, mai tumbi, mai farar fijo. Sunansa Badaru. Ya shiga ta saman rumbu, ya maƙale wajen fitowa, ya shafa man gyaɗa ya kuɓuta, amma ya bar hularsa a ciki. Wanda kuma ya ba da shaidar da ta kama shi wani mai faci ne a bakin tasha.

"Zailani," ya ce a hankali, "kai ma?"

"Wallahi ban san an sa ni ba."

"Shekara nawa ina kawo maka taya?"

Kwana uku bai yi mini magana ba, ya riƙa kai facinsa tsallaken titi. Labari kuwa ya bazu. 'Yan kamasho suka koma kiran lodi da "Kongolam, motar mai kisa, saura mutum biyu!" Wata tsohuwa daga ƙauye ta ji, ta fito da ƙullinta ta ce ita ba da ita ba. Haulatu, wadda ta riga shi sanin ƙarshen don ta aika an karɓo mata wani kwafin tun da safe, ta ajiye masa tuwo ta ce, "Ashe da kai nake kwana." Hajiya Zinariya ta ce a matsayin littafi ha'inci ne a kawo mai laifi daga waje a shafin ƙarshe, amma a matsayin hukunci ba ta taɓa ganin adalci irin wannan ba.

A rana ta huɗu ya dawo bencina da littafin a hannu, ya riga ya karanta shi sau uku.

"Ka san wani abu?" ya ce. "Duk littattafan da na karanta ban ga mai laifi mai hankali irin wannan ba. Dubi yadda ya duba mai da ruwa kafin ya gudu. Dubi yadda ya tsaya ya yi azahar a hanya. Kuma giya huɗu, daidai. Mutumin nan ya gyaru."

Ya sa aka yi wa bangon littafin rigar leda ya rataye shi a madubin gaba. Duk fasinjan da ya shiga sai an nuna masa shafi na saba'in da biyu. Ranar Juma'a ya koma Sandamu da ƙwaryar goro ya yi wa Malam godiya, ya kuma nemi hularsa. Malam ya ce sai an kwashe geron. Suka zama aminai, har Malam ya ci gaba da aiko masa da duk abin da ya rubuta ya duba masa wajen mota kafin a buga.

Yanzu Badaru ya bar tuƙi, idonsa ya yi rauni, yana zama a ofishin ƙungiyar direbobi da tabarau mai kauri. Shagon Isyaku ya koma sayar da kayan waya, littattafan ma a waya ake turo su. 'Yarsa Saudatu ta sa shi a wani zauren masu karatu na waya, mata ɗari da wani abu, shi kaɗai ne namiji. Da yake rubutu a waya na ba shi wuya, murya yake turawa, kowace ta kai minti goma sha biyar. Sun cire shi sau biyu. Shekaranjiya ya zo wurina yana juya wayar a hannu, ya ce an sake cire shi, wai don ya ce jarumin wani littafi ba zai iya juya babbar mota a lungun da aka kwatanta ba.

"Wa ke cirewar?" na tambaya.

"Hajiya Zinariya ce shugaba. Tashi ka raka ni gidanta, kai tana jin nauyinka."

Na ce ina da tayoyi biyu a gabana. Ya zauna ya ce zai jira, kafin nan bari ya ba ni labarin lungun.